Ranar da caji ya ƙare mini a tsakiyar Alƙahira

Kawu ne da kansa ya kore ni daga ɗakin. Kwana 12 ke nan da yi masa aikin gwiwa a wani asibiti a Alƙahira, babban birnin Masar, an sallame mu mun koma gidan da muka kama haya a unguwar Dokki, ni kuwa aikina ɗaya: in miƙa magani, in koma kujera in ci gaba da latsa waya. In na gaji da TikTok in koma Facebook, in na gaji da Facebook in leƙa sitatus ɗin mutanen gida in ga wa ya yi aure, wa ya canja mota. Sunana ɗan jinya ne dai, amma Inna, matar Kawu, ita ke yin kusan komai.

Ran nan da daddare ya dube ni ya ce, "Kai yanzu in ka koma Kano aka tambaye ka ina ka je, sai ka ce Masar?"

Na ce, "E mana, Kawu."

Ya ce, "Ƙarya za ka yi wa mutane. Asibiti ka zo, sai waya."

Kawu ya yi karatu a Jami'ar Azhar a shekarun 1980, kuma tun da ya bar garin bai sake taka shi ba sai wannan zuwan, da aka turo shi a keken marasa lafiya daga filin jirgi. Ya sa na miƙo masa biro da bayan wata takardar magani, ya jera sunayen wurare shida da rubutun Larabci, ya ja layi tsakaninsu. Ya ce gobe in fita tun da safe, in sauka a tashar Ataba, daga nan kada in sake hawa komai mai taya sai na kai wuri na ƙarshe, masallacin Ibn Tulun.

"Kuma ba hoto nake so ba," in ji shi. "Ka je da ƙafarka tunda tawa ta ƙi, ka dawo ka faɗa mini abin da ka tarar."

Wannan maganar ce ta sa ban yi gardama ba. Mutum ne da ya yi shekaru yana zaga garin nan a ƙasa, yau ga shi ko banɗaki sai an riƙe shi. Amma ba zan ɓoye muku ba, a raina cewa na yi: to, ai ko ba komai na samu abin ɗorawa a shafina.

Tsallaka titi ma darasi ne

Na fito wajen ƙarfe 8 na safe, cikin sanyin watan Janairu. Wanda zai yi yawon ƙafa a Alƙahira ya nemi irin wannan lokacin, domin a watannin Yuli da Agusta rana ba ta san ɗan kowa ba. Na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa da suke kira metro, wanda aka buɗe layinsa na farko a 1987, shi ne na farko a nahiyar Afirka. Saura kaɗan in faɗa taragon mata. A tsakiyar kowane jirgi akwai taragon da aka ware musu, kuma wata baiwar Allah ce ta daka mini tsawa kafin in sa ƙafa. 'Yan'uwa mata masu shirin zuwa, ku riƙe wannan, zai rage muku matsi da 'yan shafe-shafen marasa tarbiyya da ba a rasa su a cunkoso.

Da na fito daga ƙarƙashin ƙasa a Ataba sai na tsaya cak. Na ɗauka wanda ya saba da Kantin Kwari da Sabon Gari babu hayaniyar da za ta ba shi tsoro. Ashe da sauran rina a kaba. Ga 'yan tireda sun baje kaya har kan kwalta, ga ƙananan bas-bas kowace da yaron mota yana ihun sunan unguwa, ga hon kamar ana biyan direbobi kuɗin danna shi. Na yi kusan minti biyar a bakin titi ina jiran motoci su tsagaita. Ba su tsagaita ba, kuma ba za su yi ba.

Wata tsohuwa ce ta cece ni ba tare da ta sani ba. Ta zo da jakar cefane, ko kallon motocin ba ta yi sosai ba, ta ɗan ɗaga hannu ta shiga. Na manne a gefenta, na bar ta a ɓangaren da motoci ke tahowa (Allah Ya yafe mini), muka ratsa layi-layi. Daga baya na gane sirrin: kada ka ruga, kada ka ja da baya, ka tafi da taku ɗaya don direba ya lissafa inda za ka kai ya kauce maka. Mai gudu da mai shakka su ne ke rikita lissafin.

Daga nan na kama titin Muski, doguwar kasuwa da ta miƙe gabas har cikin tsohon birni. Wayata na hannu, shuɗin ɗigon nan na Google Maps yana tafiya ina bin sa kamar raƙumi da akala. Na ɗauki bidiyo uku a wannan titin. Da na zauna ina kallon su bayan kwanaki, sai na ga wani saurayi a kan keke ya wuce ta bayana, ya ɗora wani dogon faranti na katako a ka shaƙe da gurasa, hannu ɗaya a kan faranti, ɗaya a kan keken, yana kutsawa cikin mutane. A lokacin ban gan shi ba sam. Fuskata nake gyarawa.

Titin da ya fi shekara dubu

Inda Muski ya haɗu da titin Al-Mu'izz, nan takardar Kawu ta ce in yi hagu. Wannan titin shi ne ƙashin bayan birnin da Fatimiyawa suka kafa a shekarar 969, lokacin da kwamandansu Jauhar ya ci Masar, kuma sunan halifansu aka sa masa. Daga ƙofar arewa zuwa ta kudu bai kai kilomita 2 ba, amma a wannan ɗan tsakanin an jera masallatai, makarantu, kaburburan sarakuna da gidajen attajirai na ƙarni daban-daban, kafaɗa da kafaɗa. Tun 1979 hukumar UNESCO ta sa tsohuwar Alƙahira cikin wuraren tarihi na duniya.

Ginin da ya fi tsayar da ni shi ne na Sarki Ƙalawun, wanda aka yi tsakanin 1284 da 1285. Ginin ya haɗa makaranta, ƙubbar da aka binne shi, da kuma asibiti. Mai gadin wurin ya yi mini bayani da Turancinsa na kasuwa, cewa a zamanin ana duba talaka da mai kuɗi ba a karɓar ko sisi, domin dukiyar waƙafi ce ke riƙe da asibitin. Na tsaya ina kallon ragowar bangon, ina tuna yadda aka yi karo-karo a dangi, aka sayar da fili, kafin a haɗa dalolin aikin gwiwar Kawu. Ban ɗauki hoto a nan ba. Ban ma san me zan rubuta a ƙarƙashinsa ba.

Gaba kaɗan, inda titin ya rabu biyu, akwai wani ɗan kyakkyawan gini na shekarar 1744 da ake kira Sabil-Kuttab na Abdurrahman Katkhuda. A da, a ƙasa ana raba wa masu wucewa ruwan sha kyauta, a bene kuma yara na karatun Alƙur'ani. Wato randar sadaka a ƙasa, makarantar allo a sama. Irin waɗannan gine-gine suna da yawa a tsohon birnin, kuma da zarar ka gane siffar guda ɗaya, da manyan tagoginta na ƙarfe, sai ka riƙa tsinto 'yan'uwanta a kowace kwana.

Na kai ƙarshen titin, wato Bab al-Futuh, ƙofar dutse da aka gina a 1087, kusa da masallacin Al-Hakim. A takarda Kawu ya rubuta kalma ɗaya a gefen sunan: tafarnuwa. Ya ce a zamaninsu tun daga nesa hanci ke gaya maka ka iso, saboda masu tafarnuwa da albasa da ke jibge buhuna a wurin. Na zaga, na shinshina, ban ji komai ba. Fili ne da aka shimfiɗe da dutse, ga samari da 'yan mata irinmu suna ta selfi. Ni ma na shiga sahu. Na yi bidiyo, ban ji daɗin muryata ba, na sake, na kuma sakewa. Batirina ya sauka zuwa kashi 30, fawa banki kuwa yana can Dokki a kan tebur, inda na bar shi yana caji.

Yadda na sayi turaren da ban yi niyya ba

A hanyar dawowa kudu na ratsa ta Khan al-Khalili, kasuwar da ta samo asali tun ƙarni na 14. A nan ne wani mutum mai fara'a ya tare ni. "Najeriya? Osimhen!" Ya riƙe hannuna kamar mun yi shekara goma da sanin juna. Na ce masa masallacin Azhar na nufa. Ya girgiza kai cike da tausayi, ya ce ai a rufe yake sai an jima, amma in zo in sha shayi a shagon ɗan'uwansa kafin a buɗe.

Kun san sauran labarin. Shayi ya zo, kwalabe suka fito, aka shafa mini wannan a wuyan hannu, aka shafa wancan a riga. Kunyar Bahaushe ta kama ni: mutum ya ba ka shayi, ya kira ka ɗan'uwa, ta yaya za ka tashi hannu rabbana? Na fito da 'yar kwalba da kuɗin da ya isa abincin ranata sau uku. Da na tsallaka titi, masallacin a buɗe yake wayam, mutane na shiga suna fita.

Ban ce duk 'yan kasuwar haka suke ba, mu ma muna da irinsu a kowace tasha. Abin da na koya dai shi ne, wanda ya tare ka da kansa a wurin 'yan yawon buɗe ido, yawanci akwai abin da yake sayarwa. Wanda kai ka tare, musamman mai shagon da ke tsakiyar aikinsa ko dattijon da ke zaune a ƙofar gida, shi ne zai gaya maka gaskiyar hanya. Kuma "la, shukran", wato a'a na gode, in ka faɗe ta da murmushi kana ci gaba da tafiya, ba rashin kunya ba ce.

A Azhar na yi sallar azahar. An fara ginin masallacin a 970, aka fara salla a cikinsa a 972. Tsakar gidansa farin marmara ne, ga ɗalibai sun jingina da ginshiƙai kowa da littafinsa: 'yan Indonesiya, 'yan Maleshiya, 'yan Senegal, da wasu da ban iya cankar ƙasarsu ba. Ina ɗaura takalmi sai na ji wani a bayana yana cewa, "Wallahi malamin nan bai da sauƙi." Na waiga da sauri har wuyana ya amsa. Samari biyu ne, ɗaya ɗan Gusau, ɗaya ɗan Maraɗi. Muka gaisa kamar 'yan ɗaki ɗaya.

Su ne suka tuna mini cewa sawunmu a garin nan tsoho ne. A da, Azhar na da ɓangarori da ake kira riwaƙ, inda ɗaliban kowace ƙasa ke kwana suna karatu, kuma akwai na mutanen Barno. Ta wannan birni ne Mansa Musa na Mali ya bi a 1324 a hanyarsa ta Makka, ya yi rabon zinarin da har ya karya farashinsa a kasuwa. Na gaya musu abin da ya same ni a shagon turare, suka yi dariya har da riƙe ciki. Ɗan Maraɗin ya ce in gode wa Allah, shi a makonsa na farko takardar zane ta fir'aunoni aka sayar masa.

Kashi 4, kashi 2, shiru

Daga Azhar na koma titin Al-Mu'izz na nufi kudu, ta tsakanin gine-ginen Sarki Al-Ghuri guda biyu da ke fuskantar juna, na kutsa cikin kasuwar tufafi. Nan babu 'yan yawon buɗe ido sosai, matan gari ne ke cinikin zannuwan gado da kayan yara. Na ga wata 'yar hanya ta yi hagu, taswira ta nuna kamar za ta rage mini tafiya, na bi. Lungun ya haifi wani lungun, shuɗin ɗigon ya fara tsalle-tsalle saboda dogayen bangaye sun tare shi, yana juyawa ina juyawa. Ina cikin haka allon ya yi baƙi.

Zan faɗi gaskiya ko da za a yi mini dariya a kwament: gabana ya faɗi. Ban haddace lambar Inna ba. Ban san sunan titin gidanmu da Larabci ba. Fasfo na gida, ko kwafinsa ban ɗauko ba, wanda wauta ce babba a ƙasar da ɗan sanda zai iya tambayar ka takarda. Abin da ke aljihuna shi ne 'yan canji, kwalbar turare, da takardar maganin Kawu.

Wasu yara da ke buga ƙwallo suka hango ni, ɗaya ya yi ihu, "Samara!" sauran suka kwashe da dariya. Kalma ce da suke jifan baƙar fata da ita. Ɗaliban da na haɗu da su sun riga sun gaya mini cewa wannan yana cikin abin da suke haɗiyewa a garin, wani lokaci da wasa, wani lokaci da cin fuska ƙarara. Ba daɗi, musamman a lokacin da kake jin kai kaɗai ne. Wani mai gyaran kujeru da ke bakin shagonsa ya daka musu tsawa suka watse, sannan ya yafito ni.

Na tattaro duk Larabcin Islamiyya da ke kaina, na haɗa jimla mai kyau da i'irabinta, na tambaye shi hanyar Bab Zuwaila. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ɗaga hannuwa sama ya ce, "Sadaƙallahul azim!" Maƙwabtansa suka fashe da dariya, ni ma na taya su, don na san na yi magana kamar mai huɗuba. Larabcin titi a Masar daban yake da na littafi. Harafin jimun ya koma "g", ƙaf kuwa sun haɗiye shi, shi ya sa unguwarmu Dokki a bakinsu take fita kamar "Do'i". In kana neman wuri, "fen" ita ce ina, "yimin" dama, "shimal" hagu, "ala tul" kuma miƙe kawai.

Na nuna masa takardar. Ya duba rubutun Kawu, ya yaba kyawunsa, ya ce, "Ah, Mitwalli!" Ashe mutanen unguwa da wannan sunan suka fi sanin ƙofar, sunan wani waliyyi da ake dangantawa da wurin. Google bai taɓa gaya mini haka ba. Ya ajiye gudumarsa, ya raka ni har kwana biyu, ya nuna mini wasu hasumiyoyi tagwaye da suka leƙo ta saman gidaje, ya ce in sa su a gaba kada in sake su. Na zaro kuɗi zan ba shi. Ya ɓata rai sosai, ya dafa ƙirjinsa, ya juya. A gari ɗaya, cikin awa biyu, wani ya yashe ni, wani ya ƙi karɓar ko fam ɗaya.

Daga wannan lokacin ne kaina ya ɗago. Tunda babu abin kallo a hannu, dole ido ya nemi aiki. Na ga wata mata a hawa na huɗu ta zuro kwando da igiya, mai kayan miya ya ɗauki kuɗin da ke ciki ya zuba mata tumatir, ta janye abinta. Na ga gidajen shayi da suke kira ahwa, dattawa na buga wasan tawula suna zuƙar shisha. Na lura da tulunan ruwa da aka jera a bakin wasu shaguna don duk mai jin ƙishi, wato sabil ɗin nan na 1744 bai mutu ba, ya dai canja kaya. A Daidaita Sahu kuwa, da suke kira tuk-tuk, yara ƙanana ne ke tuƙa da yawansu, kuma ganganci iri ɗaya ne da na gida.

Bab Zuwaila an gina ta a 1092. Hasumiyoyin da ke kanta na masallacin da ke jikinta ne, wanda Sarki Al-Mu'ayyad ya gina a farkon ƙarni na 15 a daidai inda kurkukun da aka taɓa ɗaure shi yake. A wannan ƙofa ce Turkawan Usmaniyya suka rataye Tuman Bay, sarkin Mamluk na ƙarshe, a 1517. Na sayi tikiti na hau. Matattakalar ƙunci gare ta, ga duhu, kuma babu fitilar waya, sai lalube. Da na fito sama iska ta buge ni, sai ga birnin a shimfiɗe: rufin gidaje cike da tarkace da dish, ɗakunan tattabaru na katako, hasumiyoyi ba iyaka. Can kudu maso gabas ga ganuwar Salahuddin a kan tudu, wadda aka fara ginawa a 1176, da ƙubbobin masallacin Muhammad Ali a samanta. Hannuna ya tafi aljihu da kansa, ya taɓo matacciyar waya, ya dawo.

To, a nan na yi abin da ban taɓa yi ba. Na buɗe takardar Kawu, na daidaita layin da ya ja da abin da nake gani. Ga inda na fito, ga inda za ni. Manyan gine-gine biyu da ke ƙasan tudun su ne wuri na biyar a takarda. Na haddace su da ido, na sauko.

Ƙafa ta fara magana

Da ka fita ta ƙofar sai ka shiga Khayamiya, rufaffiyar kasuwar masu ɗinkin tanti ta ƙarni na 17. Maza ne zaune sun tanƙwashe ƙafa, suna yanka ƙyalle kala-kala suna ɗinka shi a kan wani da allura, har zane ya fito. Na tsaya a kan wani dattijo na kusan minti goma. Bai ce in saya ba, bai ma ɗago ba. Ya tuna mini masu ɗinkin hula da aikin babbar riga a cikin birni, waɗanda nake wucewa a kan babur ban taɓa tsayawa na ga yadda allurar ke shiga ba. Af, ni da aka haifa a Kano, ban taɓa takawa daga Ƙofar Mata zuwa Kurmi da ƙafa ba. Dala ma sau ɗaya na hau, muna firamare.

Yunwa ta kai ni wani ƙaramin shagon koshari. Shinkafa ce da taliya da makaroni da wani ƙaramin wake da suke kira ads, a zuba miyar tumatir, a barbaɗa soyayyar albasa, ga ruwan tafarnuwa da yaji a gefe. Ku ɗauke shi a matsayin garau-garau ɗinsu: abincin talaka, mai arha, mai riƙe ciki. Na zaɓi shagon ne saboda na ga leburori da 'yan makaranta sun cika shi. Na kora da ruwan rake da aka matse a gabana. A shagon ne na tambayi hanya karo na huɗu, kuma na gano wata ɗabi'a: Bamisire ba ya son ya ce maka bai sani ba, ko bai sani ba zai nuna maka wani wajen da ƙwarin gwiwa. Don haka sai ka tambayi mutum biyu ko uku, ka bi inda bakinsu ya zo ɗaya.

Masallacin Sultan Hassan, da aka fara ginawa a 1356, girmansa ya wuce a ba da labari. Ka bi ta wani dogon soro mai duhu, kwatsam sai ka faɗo tsakar gida mai haske, da manyan rumfuna huɗu, ga makarantun mazhabobi huɗu a kusurwoyinsa, har da tamu ta Malikiyya. Wanda ke fuskantar sa, Al-Rifa'i, kamar sa'ansa ne a ido, amma sai 1912 aka gama shi. A cikinsa aka binne Sarki Faruk na Masar da kuma Shah na Iran na ƙarshe. Ban daɗe ba, don diddigena ya fara tashi. Sabon takalmi na sa saboda ya fito a hoto, kuma wannan kuskure ne da ba zan maimaita ba.

Titin Saliba na bi zuwa yamma, ina ɗingishi, har na ga wani dogon jan bango da ba shi da ado. Na iso Ibn Tulun bayan la'asar, mai gadi na cewa in yi sauri an kusa rufewa.

Ahmad Ibn Tulun ya gama wannan masallaci a 879, kusan shekara 90 kafin a kafa ita kanta Alƙahirar Fatimiyawa, kuma shi ne mafi tsufa a birnin da ya rage a kan ainihin siffarsa. In kana da takardar fam 5 ta Masar, duba, hotonsa ne a jiki. Bayan duk hon da ihun da na sha tun safe, shirun wurin har kunne yake toshewa. Fili ne makeke, da ƙubba a tsakiya, da jerin bakuna ta kowane gefe. Mu biyar ne kacal a ciki, sai tattabaru. Hasumiyarsa kuwa matattakalarta ta waje take, tana naɗe ginin, irin ta birnin Samarra na Iraƙi inda shi Ibn Tulun ya taso. Na hau a hankali, ina dafa bango, takalmi ɗaya a hannu. A nan Kawu ya ce yake zuwa yin haddar darasi in hayaniyar ɗakin kwanan ɗalibai ta ishe shi. Na zauna a kan matakala, na yi ƙoƙarin hango shi yana ɗan shekara 24 kamar ni, da ƙafafu masu lafiya, yana hawa biyu-biyu.

Daga nan na gangara unguwar Sayyida Zainab da tambaya, na sami tashar metro, na canja jirgi a Sadat, na sauka a Dokki. A lissafina tafiyar ƙafar ba ta gaza kilomita 7 ba. Gidan ma sai da na gane shi ta wurin mai sayar da lemo na bakin layi, don lambar ba ta zauna mini ba. Inna na buɗe ƙofa ta rufe ni da faɗa, ta ce ta kira ni ya fi sau ashirin, har ta fara tunanin zuwa ofishin jakadanci. Tana da gaskiya. Tun daga ranar ba na fita sai da adireshi a rubuce da Larabci, kwafin fasfo, da lambarta a takarda.

Kawu bai ce komai ba sai da na yi salla na ci abinci. Sannan ya sa aka ɗaga masa filo, ya ce, "To, ɗana, fara daga Ataba."

Abin mamaki, rabin farko na tafiyar, wanda nake da bidiyonsa, a minti biyar na gama ba da labarinsa, har ina cewa bari wayar ta kawo in nuna muku. Rabin da babu ko hoto ɗaya kuwa muka kai ƙarfe 11 muna kai. Ya tambaye ni launin ƙyallen da dattijon Khayamiya ke ɗinkawa, na gaya masa. Ya tambayi ko har yanzu ana zuro kwando daga bene, na ce da idona na gani. Da na zo kan mai gyaran kujeru da "Sadaƙallahul azim" ya yi dariya har Inna ta ce ya yi a hankali saboda ɗinki.

"Masu tafarnuwa fa?" in ji shi.

Na ce, "Kawu, babu su. An share wurin, an shimfiɗa dutse."

Ya yi shiru na ɗan lokaci yana kallon silin. Sannan ya ce in miƙo masa biro da wata takardar, wai akwai wani mai ful a bayan masallacin Sayyida Zainab da yake so in dubo masa jibi, in ƙafata ta warke.